Abin da ya kamata ku sani game da ƙugiyar bin sawu a harshen Python

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Jibiya, ya wuce Magama ya doshi Ɗan Isa da Maraɗi, ya san yadda shinge yake aiki. Jami'i na bakin hanya da littafinsa, mota ta zo ya tsayar da ita, ya duba, ya rubuta, ya sallame ta. Amma mutumin yankin ba sai an gaya masa ba, littafin nan ba shi ne tarihin duk abin da ya tsallaka iyaka ba. Motar da ta wuce kafin jami'in ya kama aiki ba ta ciki. Babur ɗin da ya ratsa ta wata hanya ba ya ciki. Kuma tsayarwar da ake yi ita kanta tana canza tafiya, don wanda da shi zai riga isa kasuwa sai ya zo na biyu.

A cikin kwamfuta akwai shinge irin wannan, kuma matasanmu masu koyon rubuta manhaja suna yawan ɗaukar littafinsa tamkar ba ya kuskure. Wannan yarda ce ke cinye musu kwanaki suna neman matsala inda babu ita.

Python, harshen da Guido van Rossum ya fitar a shekarar 1991 daga ƙasar Holand, yana cikin harsunan da aka fi koyo a yau, ko a ajin jami'a a Katsina da Dutsin-Ma da Maraɗi, ko a waya ta hanyar darussan YouTube. Kwamfuta ba ta jin Python kai tsaye. Akwai wata manhaja a tsakani, tafinta, wadda take karɓar abin da ka rubuta, ta mayar da shi ƙananan umarni nata na cikin gida, sannan ta riƙa aiwatar da su ɗaya bayan ɗaya. Tafintan da kusan kowa ke amfani da shi sunansa CPython, don da harshen C aka rubuta shi. Masu gina shi sun bar wata kafa da ake kira sys.settrace. Kana miƙa mata wani ɗan sashen aiki da ka rubuta, daga nan tafinta zai riƙa tsayawa yana kiran sashen nan naka duk lokacin da ɗaya daga cikin abubuwa huɗu ya faru: an shiga sabon sashen aiki, an zo sabon layi, an fita daga sashe, ko kuskure ya tashi. Tun Python 3.7 ta 2018 ana iya neman a sanar da kai ko da kowane ƙaramin umarni. Wannan ita ce ƙugiyar bin sawu.

Ko ba ka taɓa rubuta sunanta da hannunka ba, ka riga ka yi hulɗa da ita. Diboga, wato manhajar da ke tsayar da aikinka a wani layi don ka leƙa cikinsa, a kanta aka daɗe ana gina ta, tun daga pdb da ke zuwa tare da Python har wadda ke cikin PyCharm da VS Code. Haka ma coverage.py, ma'aunin da ke nuna layukan da gwajinka ya taɓa da waɗanda bai taɓa ba, wanda Gareth Rees ya fara a 2001, Ned Batchelder kuma ya ci gaba da riƙe shi tun 2004.

A ce wata ɗaliba 'yar yankin Jibiya ta rubuta wa kawunta mai fataucin hatsi ƙaramar manhaja. Tana rubuta buhunan masara da gero da suka shiga da waɗanda suka fita, tana juya farashi daga naira zuwa sefa, kuma tana tura lissafin ranar zuwa wani rumbu a intanet. Da yake sabis ba abin dogaro ba ne a yankin, ballantana an taɓa katse layukan waya ɗungurungum a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina har da Jibiya a watan Satumban 2021, sai ta ware aikin turawar a gefe, yana jiran sabis, sauran manhajar tana ci gaba da aikinta. Wata rana jimillar kuɗi ta ƙi daidaita. Sai ta ce bari ta kafa ƙugiya ta ga kowane layi.

Ta kafa ta a tsakiyar sashen da take zargi, ta kunna, sai shiru. Layukan da ke ƙasa da wurin sun gudana, amma ba a rubuta ko ɗaya ba. Ba lalacewa aka yi ba. Ƙugiyar hawa biyu ce. Wadda ka miƙa wa sys.settrace ana kiranta ne kawai a lokacin shiga sabon sashe, kuma abin da ta mayar a matsayin amsa shi ne zai bi layukan wannan sashen. Sashen da aka riga aka shiga kafin a kafa ƙugiyar ya wuce wannan mataki, saboda haka babu mai bin layukansa. Kowane sashe da ke gudana yana da ɗan kundinsa da tafinta ke riƙewa, ana ce masa firam, kuma a cikinsa akwai gurbi mai suna f_trace. Sai an cike wannan gurbin da hannu sannan sashen da ake ciki zai fara magana. Abin da pdb ke yi ke nan a ɓoye idan ka kira breakpoint: yana bin firam-firam ɗin da ke buɗe, daga wanda kake ciki har na farko, yana cike gurbin kowanne.

Daga wannan tsari na hawa biyu wani ruɗanin ke fitowa. Idan ƙugiyarka ba ta mayar da komai ba a lokacin shiga sashe, wanda mantuwar layi ɗaya ta isa ta jawo, za ka ga sanarwar shiga kawai, babu layi, babu fita. To amma idan an riga an fara bin sashen, sannan a tsakiya ƙugiyar ta mayar da None, wato ba komai, da nufin a daina, CPython ba ya dainawa, yana ci gaba da kiran wadda take wurin. Tsofaffin takardun bayanin Python sun ce hakan na kashe bin sawu a sashen, alhali tafinta ba haka yake yi ba, kuma a ƙarshe takardun aka gyara, ba tafintan ba. Wanda ya koyi abin daga tsohon littafi yana iya rantsuwa cewa kwamfutarsa ce ke da matsala. Mai son a daina bin wani sashe da gaske sai ya share gurbin f_trace ɗin kansa.

Ɗalibarmu ta gyara wannan, layuka suka fara fitowa. Amma sashen da ke tura lissafi zuwa intanet bai bayyana ba ko sau ɗaya, sai ta yanke hukuncin cewa ba ya gudana. Yana gudana. Aikin da aka ware a gefe yana tafiya ne a kan nasa zaren, wato wata hanyar aiki daban da ke gudana tare da babban aikin, kuma ƙugiyar sys.settrace ta zaren da ya kafa ta ce kaɗai. Akwai threading.settrace da ke rataya ƙugiya a kan zarurrukan da za a buɗe nan gaba, amma ba ta waiwayar waɗanda suka riga suka tashi. Sai a Python 3.12 ta watan Oktoban 2023 aka ƙara hanyar da za ta kama duka har da masu gudana. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ba ni tausayi, domin yana sa mutum ya rushe sashe mai lafiya ya sake rubuta shi, dalilinsa kawai shi ne bai gan shi a rahoto ba.

Akwai kuma abin da ƙugiyar ba za ta taɓa gani ba ko a wane zare. Yawancin kayan aikin da ke sa Python sauri da harshen C aka rubuta su: sum da ke tara lambobi, sorted da ke jera su, cikin NumPy, cikin sqlite3 da ake ajiye bayanai da shi. Idan manhajarka ta shiga ɗaya daga cikinsu, tafinta ya miƙa ragama, babu layin Python da zai sanar. A rahoto za ka ga layi ɗaya, ko da an yi minti guda a ciki. 'Yar'uwarta sys.setprofile tana faɗin lokacin shiga da fita daga irin waɗannan sassa na C, amma ita kuma ba ta bin layi.

Sannan gurbin ƙugiya ɗaya ne tal a kowane zare. Wanda ya kafa tasa daga baya ya ture ta farko, ba gargaɗi. Shi ya sa mai shirya manhaja zai sa alamar tsayawa a layi, ya kunna gwaji, gwajin ya wuce ta kan alamar kamar ba ta nan, saboda a saitin aikin an kunna ma'aunin coverage, shi kuma ya karɓe gurbin daga hannun diboga. In dibogar ce ta zo daga baya, ma'aunin ne zai fito da adadin da bai kai gaskiya ba. Su biyun babu mai laifi, kujera ɗaya aka ba su.

Kuskure a cikin ƙugiyar kanta ya fi wannan sharri. Idan sashen da ka rubuta don bin sawu ya yi tuntuɓe, ko da wajen buga wani harafi ne da allon bai sani ba, abu biyu ke faruwa lokaci guda. Tafinta yana cire ƙugiyar gaba ɗaya, kuma yana jefa kuskuren cikin manhajar da ake bi, tamkar layin da take kai ne ya jawo shi. In manhajar tana da irin tarkon nan mai haɗiye kowane kuskure ya ci gaba, wanda masu koyo ke son sakawa don kada aiki ya tsaya, to ba za ka ga saƙon komai ba. Rahoto zai yanke a tsakiya, manhajar kuma ta bi hanyar da ba za ta bi ba in da ba a bin sawunta.

Ko sanarwar da ta fito ma tana bukatar a san ma'anarta. Sashen da ke amfani da yield, mai ba da sakamako ɗaya ya dakata sai an sake nemansa, kowace dakatawa tasa ana rubuta ta a matsayin fita, kowace ci gaba kuma a matsayin shiga. Wanda ya ƙirga shiga don ya san sau nawa aka kira sashen zai ga ɗari inda sau ɗaya aka kira shi. Haka sassan async, masu dakatawa su jira wani abu, suke. Idan kuma kuskure ne ya fitar da sashe, ana ba da sanarwar fita ɗauke da None, daidai da sashen da ya gama lafiya bai mayar da komai ba.

Lambobin layi su ma sun daɗe suna ba da wahala. Tafinta yana gyara umarninsa don sauri, yana haɗe wasu, yana tsallake wasu. Shekara da shekaru masu amfani da coverage.py suna ƙorafin cewa layin continue yana fitowa a matsayin wanda bai gudana ba alhali ya gudana, domin an yi tsalle ta kansa kai tsaye zuwa farkon zagaye. Sai a Python 3.10 ta 2021, ta hanyar shawarar da Mark Shannon ya rubuta mai lamba PEP 626, aka kafa doka cewa duk layin da ya gudana dole a sanar da shi, wanda bai gudana ba kuma kada a sanar.

Duk waɗannan giɓi ne a cikin rahoto. Abin da ya fi nauyi shi ne ƙugiyar tana iya canza abin da take kallo.

Na farko ta hanyar lokaci. Tsayawa a kowane layi a kira wani sashe na Python yana da tsada, kuma manhaja ta ragu da sauri har ninki goma ba abin mamaki ba ne. In zare ɗaya ne, haƙuri kawai ake bukata. In biyu ne suna taɓa lissafi ɗaya, labari ya canza. Mu ɗauka matsalar ɗalibar nan ita ce zaren turawa yana karanta jimilla a daidai lokacin da babban zare yake tsakiyar ƙara sabon ciniki. Da ta kafa ƙugiya a babban zare sai ya yi nauyi, jerin wanda ke riga wani ya sauya, matsalar tana iya ɓacewa ko ta ƙaru. Ta cire ƙugiya, ta dawo yadda take. Mai gani zai ce abin ya fi ƙarfin hankali, alhali tsere ne tsakanin zarurruka biyu, kuma maganinsa makulli ne da zai hana su taɓa jimillar a lokaci guda.

Na biyu ya fi ban tsoro, don ya shafi ƙimar da ke ajiye. Saboda sauri, CPython ba ya ajiye ma'ajiyoyin cikin sashe, wato inda ƙimomin da yake aiki da su suke, a ƙamus mai sunaye, yana jera su ne a gurabe masu lamba. Amma diboga tana bukatar ta gan su da suna, har ta canza su. Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce a kwafe su zuwa wani ƙamus don ƙugiya ta duba, in ta gama kuma a kwafo abin da ke ƙamus ɗin a mayar cikin guraben. To a ɗan tsakanin nan, in wani zare ya canza wani ma'aji da sassa biyu ke tarayya a kansa, mayarwar za ta shafe sabuwar ƙimar ta dawo da tsohuwa. Ƙugiyar ba ta rubuta komai ba, kallo kawai ta yi, amma an yi asarar canji. Nathaniel Smith, marubucin laburaren Trio, ya kai rahoton wannan a 2017. Gyaran bai zo da sauƙi ba, domin ya taɓa yadda harshen ke fassara ma'ajiyoyin cikin sashe tun asali. An tattauna shawarar PEP 558, daga baya aka karɓi PEP 667 ta Mark Shannon da Tian Gao, wadda ta shiga Python 3.13 a watan Oktoban 2024. Yanzu f_locals, wato kafar da ake ganin ƙimomin da sunayensu, ba kwafi ba ne, abin da ka karanta ta nan shi ne ainihin abin da ke gurbin, abin da ka rubuta kuma nan take yake shiga. Gyaran nan ya kuma warware wani tsohon ciwon kai na masu pdb, inda za ka hau zuwa sashen da ya kira wanda kake ciki, ka canza ƙima, ka ci gaba, ka tarar canjin ya ɓace.

Ko nuna ƙima a allo ba kallo ba ne zalla. Don diboga ta nuna maka abin da ke cikin ma'aji, sai ta nemi abin ya bayyana kansa a rubuce, wannan kuwa gudanar da wani sashe ne. A Django, kayan gina shafukan intanet da Python, tambayar da aka shirya wa rumbun bayanai ba ta tafiya sai an bukaci amsarta, kuma neman a nuna ta a allo bukata ce. Buɗe tagar ma'ajiyoyi kaɗai yana iya aika tambaya zuwa rumbu a lokacin da manhajar ba ta yi niyya ba.

Daga nan hukuncina yake fitowa, kuma ina faɗarsa da ƙarfi. Kada a yi amfani da ƙugiyar bin sawu a matsayin littafin shaida na kuɗi, kuma kada a yi amfani da ita a matsayin mai gadi. Na ga masu tunanin su kafa ta don ta katse manhajar da ta daɗe tana gudana, ko ta hana wani rubutun da ba a amince da shi ba yin ɓarna. Ba za ta iya ba. Rubutun da ake tsaro yana iya kiran sys.gettrace ya gane ana kallonsa ya natsu, yana iya cire ƙugiyar da layi ɗaya, yana iya shigewa cikin sashen C inda ba a ganinsa. Takardun Python da kansu sun ce an yi ta ne don diboga da ma'aunai da makamantansu, kuma halinta na tafinta ne, ba alkawarin harshen ba. Kawun ɗalibar nan in yana son sanin wane ciniki aka rubuta da wane lokaci, abin da ya dace shi ne manhajar ta rubuta hakan da gangan ta hanyar logging, a daidai wurin da kuɗi ke canzawa, tare da lokaci da sunan zaren. Wannan ba ya gardama da diboga, kuma yana aiki a kowane zare.

Ba Python kaɗai ke da wannan hali ba. A Lua, harshen da aka ƙirƙira a wata jami'a ta birnin Riyo na Brazil a 1993, ƙugiyar debug.sethook ta kowane zaren aiki daban take, kuma a LuaJIT, wani tafintan Lua, sassan da aka riga aka mayar harshen inji don sauri ba sa kiranta. Harshen Ruby ma ya daɗe da set_trace_func kafin ya kawo TracePoint a 2013. Matsalar iri ɗaya ce a ko'ina: tafinta yana son gudu, mai bin sawu yana son a tsaya, kuma duk sulhun da aka yi tsakaninsu yana barin wata kafa.

Python ta sake lale a 3.12 da sabon tsari mai suna sys.monitoring, daga PEP 669. A nan gurabe shida ne maimakon ɗaya, an ware lamba 0 ga diboga, 1 ga ma'aunin layuka, 2 ga ma'aunin lokaci, saboda su zauna tare ba tare da ture juna ba. Yana kama dukkan zarurruka. Kayan aiki yana zaɓar irin sanarwar da yake so kawai, kuma yana iya cewa wannan layin na gan shi, kada a sake kirana a kansa, abin da ke rage tsadar ƙwarai. Shi ma da nasa sharaɗin: layin da aka ce a daina sanarwa a kansa zai yi shiru har sai an kira restart_events. Tsohuwar sys.settrace tana nan ba a cire ta ba, an dai sake gina ta a kan sabon tsarin, kuma ɗimbin kayan aiki har yanzu da ita suke.

Wannan ya sa tambayar farko kafin a yarda da kowane rahoton bin sawu ita ce wace Python ce ta fitar da shi. A 3.12 ɗin nan aka daina buɗe firam na daban ga gajeren rubutun nan na gina jeri a layi ɗaya, bisa PEP 709 ta Carl Meyer, don haka sanarwar shiga da fita da ake gani a kansa a 3.11 ta ɓace. A cikin manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, Ubuntu 22.04 tana zuwa da Python 3.10, Debian 12 da 3.11, Ubuntu 24.04 kuma da 3.12. In kwamfutar ɗalibar tana kan ta farko, sabar da ta yi haya kuma tana kan ta ƙarshe, manhaja ɗaya da ƙugiya ɗaya za su ba ta rahoto iri biyu. Umarnin python3 --version a kan kowace na'ura zai nuna mata bambancin kafin ta taɓa layi ko ɗaya.